Kada Ƙafa Ta Riga Ido: Nasiha Ga Matasa Masu Tseren Taswira A Ƙarshen Hunturu

Ƙannena maza da mata, wannan nasiha taku ce, musamman ku da neman ilimi ko neman abinci ya kai ku Suwidin, Norwe, Finlan da sauran ƙasashen sanyi. Nasihata ta yau a kan wani wasa ce da mutanen can suka riƙe da hannu biyu, har suna koyar da shi a makarantunsu. Duk wanda ya zauna cikinsu zai ci karo da shi, ko a darasin motsa jiki ko a kulob na unguwa. Shi ne tseren taswira, wanda 'yan Suwidin ke kira orientering. Ina so ku shige shi, ku kuma shige shi da ilimi, domin yana gyara jiki, yana gyara tunani, kuma a watannin Fabrairu da Maris yana iya yi wa mai ganganci mummunar illa.

Ga yadda ake yin sa. A bakin daji za a miƙa maka taswirar da ba ka taɓa gani ba sai a wannan mintin. An zana alwatika a inda za ka tashi, da jerin da'irori masu lamba, da da'ira biyu ɗaya cikin ɗaya a inda za ka ƙare. A tsakiyar kowace da'ira, can cikin daji, an kafa tuta mai ruwan lemo da fari, faɗinta santimita 30. Aikinka shi ne ka ziyarci tutocin nan bi da bi, kana taɓa na'urar da ke jikin kowacce da ɗan katin lantarki da ke ɗaure a yatsanka. Hanyar da za ka bi daga tuta zuwa tuta kuwa, kai za ka zaɓa. Ana sakin 'yan tsere ɗaya bayan ɗaya da tazarar mintoci, kuma ba a yarda ka nemi hanya da waya ba. Daga kai sai taswira sai kamfas.

Wasan ya samo asali ne daga horon sojojin Suwidin a ƙarshen ƙarni na 19. A 1897 aka yi gasar farko ta farar hula a kusa da birnin Oslo na Norwe. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani manjo ɗan Stockholm mai suna Ernst Killander ya lura matasa sun fara juya wa guje-guje baya, sai ya fitar da su daji da taswira, ya mayar da gudun abin da ake yi da ƙwaƙwalwa. Shi ake kira uban wasan har yau. A 1961 aka kafa hukumar wasan ta duniya, a 1966 kuma aka yi gasar duniya ta farko a Fiskars da ke Finlan. Yanzu akwai manyan taruka guda uku da kowane ɗan tsere ke buri: Tiomila ta Suwidin, tseren karɓa-karɓa da aka fara a 1945, wanda aka saba yi a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, Jukola ta Finlan, da aka fara a 1949, inda ƙungiyoyi fiye da 1,000 na mutum bakwai-bakwai ke kwana suna gudu a tsakiyar Yuni, da O-Ringen ta Suwidin mai zango biyar, wadda ta fara a 1965. Duk wanda kuka ga ya yi abin kirki a waɗannan wurare, ku tabbata a Fabrairu da Maris ya yi aikinsa, lokacin da kowa ke ƙudundune a ɗaki.

Ku fara da sanin cewa hunturunsu dabam yake da namu. Namu busasshe ne, iska da ƙura, da rana ta ɗaga an yar da mayafi. Nasu a ƙarshensa jiƙaƙƙe ne. Da rana dusar ƙanƙara ta narke, da dare ta sake daskarewa, sai ta zama kamar tuwon da ya kwana, sama ya yi ɓawo, ciki kuwa da laushi. Da sassafe ɓawon yana ɗaukar mutum, ka yi ta gudu a kansa ƙafa ba ta nitsewa. Kafin azahar ya saki. Sai ka taka, ya riƙe ka rabin daƙiƙa, ya ɓurma, ka nitse har gwiwa, gefen ɓawon ya karce maka ƙwauri, ruwan sanyin da ke ƙasa ya cika maka takalmi. Ka zaro ƙafar, ka sake takawa, ya sake ɓurmawa. Mita ɗari a irin wannan wuri ta fi mita ɗari biyar a kan hanya cin ƙarfi. Daji ɗaya ne, amma wanda ya tashi da ƙarfe goma da wanda ya tashi da ƙarfe ɗaya ba ƙasa ɗaya suka taka ba.

Taswirar da ke hannunka kuma ba ta san wata ba. Mai zanen ya zana abin da ya gani lokacin da ƙasa ke fili. Fari a taswira daji ne da ake iya gudu a ciki, kore sarƙaƙiya ce, rawaya fili ne, shuɗi ruwa ne da fadama, baƙi duwatsu ne da turbobi da gine-gine, ruwan ƙasa kuma layukan tudu da kwari ne, tsakanin kowane layi da na kusa da shi yawanci tsayin mita 5. To, dusar ƙanƙara tana binne ƙananan turbobi, tana rufe ƙananan duwatsu, tana cike ramuka da lambatu. Abin da ba ta iya ɓoyewa shi ne siffar ƙasa. Tudu yana nan tudu, kwari yana nan kwari. Saboda haka a wannan lokaci ku mayar da hankalinku kan layukan ruwan ƙasa fiye da komai. Wanda ya iya karanta su har ya ga tudu a zuciyarsa kafin ya gan shi da ido, ya riƙe jigon wasan. Wanda ya saba dogara da turba kaɗai, da ƙanƙara ta binne turbar shi ma ya ɓata.

Yanzu na zo kan babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wato sawu. A bazara daji ba ya nuna maka inda wani ya bi. A kan dusar ƙanƙara kuwa kowane taku yana barin shaida. Da an saki mutum talatin, sai ka tarar an buɗe hanyoyi a daji, sawu bisa sawu, an tattake wuri ya yi daɗin gudu. Ga ka a gajiye, yatsunka sun sandare, numfashinka na fita da hayaƙi, ga kuma hanya a gabanka tana miƙewa zuwa wajen da kake zaton tutarka take. Zuciya za ta ce maka: mutanen nan duka ba za su yi kuskure ba, ninke takardar ka bi su. Nan ne ake rarrabe ɗan tsere da ɗan rakiya.

Ku san cewa a daji ɗaya, a rana ɗaya, ana shirya tsere iri-iri: na yara, na dattawa, na sababbin shiga, na ƙwararru. Kowanne da tutocinsa. Sawun da ka bi yana iya kai ka tuta lafiya lau, amma ta wani rukuni ce. Kowace tuta tana da lambarta, kuma an ba ka takardar da ta bayyana lambar taka da inda aka kafa ta, ko gindin dutse ta gabas, ko saman tudu, ko mahaɗar rafi. Idan ka taɓa wadda ba taka ba ka wuce, an soke tserenka gaba ɗaya, ko da ka riga kowa isowa. Sa'an nan sau da yawa sawun da ya fi yawa na masu ɓata ne. Wanda ya san inda za shi ya wuce sau ɗaya, ya bar layi guda. Wanda ya ruɗe shi ne ke kaiwa da komowa, yana kewaya tudu, yana tattake wuri. Na bayansa ya ga wuri a tattake ya ce lallai nan ne, shi ma ya ƙara nasa. Haka kuskuren mutum ɗaya yake zama babbar hanya.

Ban ce ku ƙi taka sawu ba. Idan ka karanta taswirarka, ka yanke shawarar bin gefen kwari, sai ka tarar wasu sun riga sun buɗe maka wurin, to Allah ya hutar da kai, bi abinka. Sharaɗin shi ne shawara ta riga sawu zuwa. Kana tafe a kan sawun, babban yatsanka na kan taswira a daidai inda kake, kana matsar da shi duk lokacin da ka wuce wani abu: ga tudun da na sa rai a hagu, ga fadama a dama, nan gaba kaɗan ƙasa za ta fara gangarawa. Da sawun ya karkata inda taswirarka ba ta ce ba, ka rabu da shi nan take, ko da kai kaɗai za ka fasa sabuwar ƙanƙara. Wannan rabuwar tana da wuya, domin mutum ba ya son ya ga jama'a sun yi gabas shi ya yi arewa. Amma ita ce darasin da na fi so ku ɗauka daga wasan nan, kuma za ta yi muku amfani a wuraren da babu ƙanƙara ko kaɗan. Matashin da ya saba tambayar kansa ina nake, ina za ni, me zan gani a hanya, ba a jan sa da yawan jama'a.

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan duka ita ce kada gudunka ya wuce karatunka. Sauri kan haifi nawa. Minti ɗaya da ka ƙwace da gudu, kuskure ɗaya zai cinye shi ya ƙara da biyar. Thierry Gueorgiou ɗan Faransa, wanda ya ci zinare 14 a gasar duniya, ya yi suna ne wajen sauƙaƙa taswira: a cikin ɗaruruwan alamomi sai ya zaɓi manyan abubuwa kaɗan da ake hangowa daga nesa, ya yi gudu daga wannan zuwa wancan. Ku koyi haka. Kafin ka bar tuta, ka riga ka san uku: babban abin da zai yi maka jagora a hanya, kamar rafi ko gefen tudu, fitaccen wuri kusa da tuta ta gaba wanda daga shi za ka rage gudu ka shiga a hankali, da abin da ke bayan tutar wanda in ka gan shi ka san ka zarce. Inda hanya take a fili, saki ƙafa. Da ka kusanci da'ira, rage. Cikin da'ira, in ta kama ka yi tafiya, yi tafiya.

Kamfas ma yana da ladabinsa. Kullum ka riƙe taswira yadda arewarta ta dace da arewar allura, in ka juya kai ne za ka kewaya taswirar, ita tana nan yadda take. Idan kana neman mahaɗar rafi biyu daga nesa, kada ka auna ta kai tsaye, domin in ka iso rafin ba ka gan ta ba, ba za ka san ko dama take ko hagu ba. Da gangan ka karkata hagu kaɗan, da ka iso ruwa ka san dama za ka yi. Ka kuma san ma'aunin takardarka: a taswirar 1:10,000 santimita ɗaya mita 100 ce, a ta 1:15,000 kuwa mita 150 ce. Masu ƙirga taku su tuna cewa a cikin ƙanƙara taku yana gajarta, lissafin bazara ba zai yi aiki ba. In kuwa ka ɓata, tsaya cak. Daidaita taswira, tuna wuri na ƙarshe da ka tabbatar, dubi manyan abubuwan da ke kewaye da kai. In ba su ba ka amsa ba, fita zuwa hanya ko rafi mafi kusa ka sake shigowa. Yawo da fatan ido zai faɗa kan tuta shi ne babban mai cin lokaci.

Zaɓen hanya a wannan yanayi yana son sanin halin rana. A ƙasashen arewa rana ta kudu take bi, don haka gangaren da ke fuskantar kudu shi ke fara bushewa, wanda ke fuskantar arewa kuma ya riƙe ƙanƙara har bayan makonni. Hanyar mota da aka share, ko da ta yi zagaye, sau da yawa ta fi miƙewa ta cikin daji sauri. Wani abin kuma yana taimakonka: ganye ya zube, ciyayi sun kwanta, ido yana kaiwa nesa, wani koren da ke hana wucewa a Yuli yanzu ana ratsa shi. Fadama ita ce mai fuska biyu. In ta daskare sosai ta fi ko'ina daɗin gudu, in ta fara saki sai ka zurma cikin ruwan da bai wuce digiri ɗaya ko biyu ba. Tafki da kogi kuwa, ina roƙonku da girman Allah, kada ku taka ƙanƙarar da ke kansu don rage hanya. Ƙanƙarar ƙarshen hunturu tana ruɓewa daga ciki, kaurinta ba ya nuna ƙarfinta, kuma ta fi rauni a bakin gaɓa, da inda rafi ke shiga, da ƙarƙashin gada. Babu kofin da ya kai ran mutum.

Game da horo, watannin nan na gina tushe ne. Mafi yawan gudunku ya zama mai tsawo kuma a hankali, irin wanda za ka iya hira da abokin tafiya kana yi. Sau ɗaya ko biyu a mako ku yi mai tsanani, kamar hawan tudu a maimaita, ko gudu cikin ƙanƙara mai zurfi, wanda ke tilasta ɗaga gwiwa yadda daji ke buƙata. Ku ƙarfafa idon sawu da cinya da tsokar ciki, domin santsi da rami su ne ke kawo targaɗe. Ku riƙa ƙara nauyin horo kaɗan-kaɗan. Wanda ya samu dama ya koyi tafiya a kan allunan zamiya, waɗanda ake ɗaurawa a ƙafa a zame bisa dusar ƙanƙara, domin tana gina numfashi ba tare da dukan gwiwa ba. Tove Alexandersson 'yar Suwidin ta zama zakarar duniya a tseren taswira na ƙafa da kuma na kan allunan zamiya, hunturu da bazara duk nata ne. Manyan 'yan wasa sukan tafi Fotugal da Sifaniya a Fabrairu don su taka busasshiyar ƙasa. Ɗalibi mai ƙaramin aljihu kada wannan ya dame shi, akwai abin yi a ƙofar gida.

Ka riƙa fita gudun titi da tsohuwar taswira a hannu, kana karanta ta kana gudu, har idonka ya saba ɗaukar bayani a kallo ɗaya. Ka shiga gajeren tsere na cikin gari, wanda ake yi da taswirar 1:4,000 tsakanin gine-gine da lunguna, inda zakaru ke gamawa cikin minti 12 zuwa 15. Yana koyar da saurin yanke shawara. Ka roƙi kocinka taswirar da aka cire mata komai sai layukan tudu. Ka je horon dare da fitilar goshi, wanda kulob-kulob da yawa ke yi a hunturu, domin wanda ya iya neman tuta da hasken da bai wuce 'yan mitoci ba, rana ta zama masa sauƙi. Da dare a ɗaki kuma, shimfiɗa taswira ka zaɓi hanya tsakanin da'ira da da'ira, ka gaya wa kanka dalili. Masu azumi, in Ramadan ya faɗo a wannan lokaci kamar yadda ya faɗo cikin Maris a 2025, ku mayar da horo mai nauyi bayan buɗa-baki, ku sha ruwa sosai, domin sanyi yana ɓoye ƙishirwa alhali jiki na zubar da gumi.

Tufafi ba ado ba ne a nan. Ku guji auduga a jikin fata, domin tana shan gumi ta riƙe, kuma ruwa ya fi iska saurin janye zafin jiki kusan ninki 25. Ku sa ulu ko yadin roba na wasanni a ciki, da riga mai tare iska a waje, da hular sanyi, da siririyar safar hannu wadda ba za ta hana riƙe taswira ba. Ƙafa za ta jiƙe ko ana so ko ba a so, saboda haka a nemi safar ulu ko ta roba irin ta masu ninƙaya, wadda ke riƙe ɗumi ko da ta jiƙe. Takalmi ya zama mai ƙusoshin ƙarfe a tafinsa, irin waɗanda kamfanonin Icebug da VJ ke yi, don santsin ƙanƙara da jiƙaƙƙen dutse. Ka tashi kana ɗan jin sanyi, minti goma da fara gudu za ka ji daidai. Batirin fitila yana saurin mutuwa a sanyi, a tafi da na ajiya. Ka rataya usur. A jakarka kuma ka bar busassun kaya daga sama har ƙasa da shayi mai zafi, kana isowa ka canza kafin ka tsaya hira. Ƙannena mata, ku sani a Suwidin doka ce a gasar daji a rufe ƙafafu da gangar jiki. An kafa ta ne bayan ciwon hanta ya yaɗu tsakanin 'yan tsere a shekarun 1950 da 1960 ta hanyar karce-karcen fata. Shigar mutunci ba za ta hana ku komai ba, kuma mace ce, Simone Niggli 'yar Suwizalan, ta tara zinare 23 a gasar duniya.

Ku san alamomin sanyin da ya shiga jiki. Idan zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, an shiga haɗari. Yana farawa da makyarkyata, sai yatsu su kasa aiki, sai tuntuɓe, sai magana ta riƙa sarƙewa, sai tunani ya dushe. Muguntar abin ita ce ƙwaƙwalwar da za ta gaya maka ka tsaya ita ce ta fara tafiya. Idan ka ga kana kallon taswira ba ka gane abin da ka saba ganewa, ko ka kasa zuge zif ɗin rigarka, tseren ya ƙare. Nemi hanya mafi kusa ka koma. Lambar neman agaji a ƙasashen Tarayyar Turai da Norwe ita ce 112.

Akwai kuma wani darasi da 'yan Suwidin suka saya da tsada. Tsakanin 1979 da 1992, matasa 16 'yan tseren taswira suka mutu farat ɗaya, akasarinsu ƙwararru masu ƙarfi, kuma bincike ya nuna kumburin tsokar zuciya a yawancinsu. Abin ya kai har aka dakatar da manyan 'yan wasa daga horo na tsawon watanni. Tun daga nan kowane koci a ƙasar yake nanata wa yaransa magana ɗaya: mai zazzaɓi, ko ciwon maƙogwaro, ko mura mai kama jiki, ba ya horo, ba ya gasa, sai ya warke sarai. Ƙarshen hunturu lokacin mura ne, kuma na san halin ƙuruciya, mutum yana jin kunyar a ce ya yi ragwanci. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Hutun mako guda ba ya rushe aikin wata uku. Jiki amana ne a hannunku, za a kuma tambaye ku yadda kuka yi da shi.

Wasan yana da ladubba da suka dace da tarbiyyar da kuka taso da ita. Dokarsa ta ce in ka tarar da wanda ya ji rauni, ka bar tserenka ka taimake shi. Duk wanda ya tashi, dole ya je ya sanar a wurin ƙarewa, ko da ya fasa a tsakiya. In ka sulale gida ba ka faɗa ba, mutane za su kwana a daji cikin sanyi suna neman wanda ke kwance a gadonsa. Inda aka yi wa taswira alamar hani, kada ka shiga: wani wurin gidan mutane ne, wani kuma an keɓe shi ne don dabbobin daji su fake, domin a ƙarshen hunturu barewa da manyan namun dawa sun rame, kora ɗaya tana cinye ƙarfin da suke tattali. Kada ka tattake layin da aka gyara wa masu allunan zamiya. A Suwidin da Norwe da Finlan kowa yana da 'yancin shiga daji ko na wane ne, bisa sharaɗin kada ya ɓata, kada ya dami kowa. Ku baƙi ne, ku zama cikin masu kiyaye wannan amana. Waɗanda suka kafa tutocin nan tun asuba kuma 'yan sa-kai ne, ku gaishe su, ku gode musu, wata rana ku ma ku karɓi aikin.

Bayan tsere, kada ka cusa taswira a jaka ka manta. Zauna da biro ka zana hanyar da ka bi da gaske, har da inda ka yi yawo. Nemi wanda ya fi ka, ko da dattijuwa ce mai shekara saba'in, ka ce ta nuna maka inda ta bi da dalilinta. Matambayi ba ya ɓata. A wajen wannan zaman ne za ka gane ko gudu ne ya gaza ko karatu, kuma a nan ne ake ƙulla zumunci da mutanen da a titi ba su cika yi wa baƙo magana ba.

Ƙannena, kada sanyi ya kulle ku a ɗaki daga Nuwamba har Afrilu, daga aji sai waya. Ku nemi kulob mafi kusa da ku, ku ce ku sababbi ne, za su ara muku kamfas da kati su nuna muku rukunin da ya dace da ku. Ku fara da gajeren tsere mai sauƙi, ku gama shi ba tare da kuskure ba, sa'an nan ku matsa gaba. Ku da ke gida kuma, malamai da shugabannin 'yan sikawut, ku zana taswirar harabar makaranta, ku kafa tutoci, ku saki yara su nema. Takarda da biro sun isa a fara. Ku kula da lafiyarku, ku taimaki wanda ya faɗi, ku dawo mana da ilimi da ƙarfin jiki. Allah ya tsare ku, ya yi muku albarka.